Tsirkiyar Ƙarfe a Jitar Yaya

Ranar Lahadi ce, ta biyu a watan Nuwamba, ƙarfe goma da kwata na safe, a ƙaramin ɗakin ɗaukar magana na gidan rediyon da nake aiki a Agiye. Mu uku ne a ɗakin: ni, da yayana wanda muke ciki ɗaya, da taubashinmu, ɗan ƙanwar mahaifinmu, mai ba da hayar kayan sauti a Gazawa. Jitar Yaya tana kwance kan tebur. Kusa da ita akwai abubuwa uku da za a zaɓi ɗaya daga ciki don a ƙara mata murya. Saura kwana goma sha uku a yi taron ƙungiyar manoma a Sae Sabuwa, inda aka gayyaci Yaya ya yi kiɗa.

Yaya manomi ne a ƙauyenmu, kusa da Cadakori. Ya yi kusan shekara talatin yana kaɗa jita, shi da wani amininsa mai kiɗan ƙwarya. Ba ya bin kowa gida da roƙo. Kiransa ake yi, bayan an kai gero rumbu, ko ranar suna, ko in an tashi daga gayya, ya zauna kan tabarma mutane su kewaye shi. Aminin nasa ya tafi haƙar zinariya arewa, bai dawo ba. A tsakanin nan samari masu piyano da manyan lasifiku suka cinye bukukuwa ɗaya bayan ɗaya, har abin da ya rage wa Yaya shi ne wannan taro na shekara-shekara. Shugabannin ƙungiyar kuwa ba su ɓoye masa ba. Sun ce jama'a sun ƙaru, filin ya faɗaɗa, in na baya ba su ji shi bana ba, baɗi masu piyano za a kira. Shi ya sa ya shigo mota ya zo wurina, ya ce tun da aikina ke nan, in sa a ji shi.

Jitar irin mai tsirkiyar roba ce, katakonta siriri, ba nauyi. In tsirkiya ta tsinke a ƙauye ba a neman kanti. Huɗu daga cikin shidan zaren fatsa ne irin na masunta, kauri daban-daban. Biyun da suka fi siririyar murya silin wayar birkin keke ne, wanda yake warwarewa ya goge da toka. Ba ya ɗaure su tamau. Da kunnensa yake daidaita su, ƙasa-ƙasa, inda muryarsa ke zama. Tun da mai ƙwarya ya tafi kuma ya koyi buga cikin jitar da babban yatsa da zoben azurfar da ke hannunsa, har in kana bayan danga sai ka rantse mutum biyu ne.

Abu na farko a kan teburin mikro ne na magana, irin wanda ake kafawa kan sanda. Shi muka fara cirewa, ba gardama. A fili iska za ta cika shi, in aka ƙara masa ƙarfi lasifika ta yi kuka, Yaya kuma ba ya kiɗa a tsaye cak, jikinsa yana rangaji. Na biyu nawa ne. Ɗan faifan tagulla ne, faɗinsa kamar kuɗin ƙarfe na dala ashirin, na ciro shi daga wani mataccen agogo mai ƙararrawa na liƙa masa waya. Mannawa ake yi a jikin katako, kuma motsin katakon yake ji. Muryarsa tana da ɗan tsauri, na san da haka, shi ya sa na haɗa masa wani ɗan akwati mai batir da ke tausasa ta. Na uku taubashi ya zo da shi daga kasuwar Maraɗi, baƙi, yana sheƙi, ana maƙala shi a bakin jita ƙarƙashin tsirkiyoyi. Maganaɗisu ne a cikinsa.

Ya kuma zo da feda biyu, wato 'yan akwatunan da makaɗi ke takawa da ƙafa. Ɗaya tana sa jita gurnani irin na 'yan arewa. Ɗayar mai maimaici ce: ka taka, ka yi kiɗa, ka sake takawa, sai ta riƙa maimaita abin da ka kaɗa ba tsayawa, kai kuma ka ɗora wani kiɗan a kai. Ni na ba da shawarar a nemo ta, domin ita ce za ta zauna a gurbin mai ƙwarya. Ta gurnanin ba wanda ya nema.

Na manna faifaina bayan jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa a cikin jita. Yaya ya kaɗa. Duk tsirkiya shida suka fito, bugun yatsa ya fito, ƙarar zoben ta fito. Na ɗauka a na'ura, minti biyu da ɗan kai, na sake kunna masa. Ya saurara kansa a sunkuye, ya ce shi ne, wannan shi ne. Sai taubashi ya ɗaga wayar da yatsa biyu kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera.

"Bawana, wanga kuma daga wace bola? Yaya zai tsaya gaban mutanen gari goma da hanjin agogo a ciki?"

Yaya ya yi dariya. Ni ma na yi, domin haka ake yi. Tun muna yara yake ce mini bawansa, ni ma ina ce masa nawa, kuma ba a taɓa raba wannan gardama ba.

Aka maƙala nasa. Kafin a kunna na faɗi abin da zai faru, a hankali, yadda nake karanta sanarwa. Na ce maganaɗisu ƙarfe kaɗai yake ji. Zai ji silin birki biyu, ba zai ji zaren fatsa huɗu ba, ba zai ji bugun katako ba. Taubashi ya ce wa Yaya ya ji ɗan lakol mai ilimin boko, wai maganaɗisu yana da kunne, har yana zaɓen wanda zai saurara. Aka kunna. Tsirkiya biyu suka fito da ƙarfi, sauran huɗun shiru, bugun kuma kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Taubashi ya ce ai laifin ba na mikro ba ne, na jita ne. Wa ke kiɗa da zaren kama tarwaɗa a wannan zamani? Ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, cikinta tsirkiyoyin ƙarfe shida sababbi, ya ce kyauta ce. Mikro ma kyauta, feda aro, lasifiku da gurup mai ba da wuta ranar taro shi zai kawo, duk don zumunci.

A nan na daina dariya. Na ce wannan jita ba a yi ta don ƙarfe ba. Jitar ƙarfe tana da sandar ƙarfe a cikin wuyanta, cikinta kuma a tokare yake da ƙarfi. Wannan ba ta da ko ɗaya. Jakinta gam ne kawai ya riƙe shi. Tsirkiyar ƙarfe shida, in an ɗaure su yadda ake ɗaure su, jan da suke yi ya fi na roba nesa ba kusa ba. Ko wuya ya lanƙwashe, ko jaki ya ɓalle. Na maimaita sau biyu, ina kallon idonsa.

Taubashi ya juya ga Yaya ya ce bawansa ya zama boka, yana duba wa jita. Ya ce in jakin ya gudu shi zai bi sawu ya kamo shi.

Wanda bai da taubashi ba zai gane inda na tsaya ba. Tsakanina da mutumin nan duk abin da na faɗa wasa ne. In na ce masa gidansa na cin wuta, sai ya tambaye ni ko ni na kunna. In na ɗaure fuska, ɗaurewar ma wasa ce, ta fi ma ba da dariya. In kuwa na yi fushi na gaske, ni na yi abin kunya, domin ba a fushi da taubashi. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyon yadda ake faɗin magana ta fita sarai, kowane harafi a wurinsa, har tsohuwa mai daka a bayan gari ta gane. Ga ni a ɗakin aikina, gaban na'urata, ba ni da wata hanya ta sa mutum ɗaya ya yarda cewa da gaske nake.

Taubashi ya kwance zaren fatsan da kansa. Ya ɗaura ƙarfen, ya buɗe wayar salularsa, akwai wani abu a ciki mai allura da ke nuna in tsirkiya ta kai. Ya dinga murɗawa har allurar ta tsaya tsakiya. Ina jin katakon yana ƙara ƙas-ƙas. Ya haɗa da fedar gurnani ya buɗe lasifikar ɗakin.

Ba zan yi ƙarya ba, ƙarar ta cika ɗakin har gilashin taga yana rawa. Yaya ya haura hamsin, bai taɓa jin hannunsa da wannan girma ba. Ya kaɗa, ya tsaya, ya dubi lasifikar, ya sake kaɗawa. Muryarsa ba ta kai inda aka ɗaga tsirkiyoyin ba, sai da ya miƙe wuya. Bugun katako ya ɓace, taubashi ya nuna masa yadda zai danne tsirkiyoyi da tafin hannu ya karce su, wai shi ne sabon kiɗan ƙwarya. Yaya ya ce ya yarda, da wannan za a je. Tun da ya faɗa a gaban wani, ni ƙanensa ban da ta cewa a wurin. Ƙarfe goma sha biyu saura kwata suka fita.

Yaya ya bar jitar a wurina, yana zuwa duk bayan kwana biyu yana koyon fedar maimaici. Ita ma tana da nata hali. Taku ɗaya ɗauka, taku na biyu maimaici, taku biyu a jere da sauri tsayawa. Na farko da na biyu ya iya su cikin yini ɗaya, domin makaɗi ne, ƙafarsa ta san lokaci. Na ukun ne ya ƙi. Ƙafar da ta saba taka rami bayan shuka ba ta san gaggawa ba. In ya zo tsayarwa sai ya yi taku ɗaya mai nauyi, fedar ta ɗauka wani kiɗan za a ƙara. Na ce mu zauna kan wannan har ya zauna. Ya ce ai in ya gama waƙa taubashi zai rage ƙara daga wurinsa, sun riga sun shirya.

Ni kuma kullum da safe, kafin labaran ƙarfe bakwai, ina gwada jakin. Rana ta uku kusurwar takarda ta shiga ƙarƙashin gefensa na baya. Rana ta shida reza ta shiga. Katakon bayan jakin ya fara tasowa, in ka shafa da tafin hannu za ka ji tudu. Duk dare kafin in tashi aiki ina sassauta tsirkiyoyin, in Yaya ya zo ya ɗaure, domin taubashi ya saka masa allurar nan a tasa wayar. Rana ta tara katin waya ya shiga, irin mai kauri.

Ranar na sami Yaya shi kaɗai, na nuna masa katin a maƙale. Na ce har yanzu da sauran lokaci, a mayar da zaren fatsa, a kai wa kafinta ya matse jakin, a manna faifan, in yana jin kunyar wayar zan ɓoye ta a ciki ba mai gani. Ya daɗe yana kallon katin. Ya san gaskiya ce, domin shi ya fi kowa sanin jitarsa.

"Ƙanena, ɗan gwaggo ya kawo mini kaya har da lasifika, bai nemi komi ba. In mayar masa in ce na ƙanena ya fi? Da wane baki? Kwana huɗu ne. Ta yi haƙuri kwana huɗu, in an tashi taro mu cire."

Na kira taubashi a waya a gabansa. Na ce masa don girman Allah ya saurare ni, ba wasa nake ba. Ya ce ai ya san ba wasa nake ba, bawa ba ya wasa da ubangidansa. Na ce kati yana shiga ƙarƙashin jaki. Ya ce in bar shi a nan kada ya ɓata, in ya zo zai karɓa ya sa kiredi a wayarsa. Na kashe wayar. Yaya yana murmushi, wai mu biyun nan ba za mu girma ba.

Akwai abin da zan iya yi a daren nan ban yi ba. Jitar tana ɗakina, zaren fatsan yana cikin durowa. Da na canza su na ce in an isa a tsige. Ban yi ba saboda jitar ba tawa ba ce, kuma mai ita ya yi magana. Har yau in na tuna ina jin haushin wannan ladabi nawa daidai da haushin da nake ji na taubashi.

Asabar muka isa Sae Sabuwa da hantsi. Fili ne babba gefen makaranta, an kafa rumfa ɗaya ta shugabanni, amalanke da babura sun kewaye wurin. An jera dammunan gero da buhunan wake na waɗanda za a yaba wa noma. Taubashi ya riga mu zuwa, ya kafa lasifiku huɗu kan tebura, gurup yana ruri can bayan wata bishiya. Ya karɓi jitar ya ɗaure ta da allurarsa, ya gwada, ya jingine ta jikin lasifika cikin rana. Na ɗauke ta na kai inuwa, na ce gam ba ya son zafi. Na je alwala, na dawo na tarar an mayar da ita cikin rana, wai shugaban ƙungiya yana son ya ga kayan duka a jere. Na sake ɗaukewa. Aka fara jawabai, aka kira ni in riƙe wa masu magana mikro saboda ni ne na rediyo, kuma jawaban suka ci awa biyu. Da na waiwaya tana cikin rana. Na taɓa bayanta, da ƙyar na iya barin hannuna a kai.

Bayan la'asar, ƙarfe huɗu da minti ashirin, aka kira Yaya. Ya zauna kan kujera, ba tabarma ba, saboda feda. Ya taka, ya karce tsirkiyoyin a danne, ya sake takawa, kiɗan ya kama juyawa. Ya ɗora na biyu, mai kauri. Sannan ya shiga waƙarsa ta masu noma, wadda yake kiran unguwanni da irin ƙasarsu, wa ke da jigawa, wa ke da fadama. An ji shi har bayan amalanke. Mata suka yi guɗa, dattawa biyu suka shiga fili da sandunansu. Shugaban ƙungiya ya dubi na kusa da shi ya gyaɗa kai. Ina tsaye taku biyar daga Yaya, idona ba ya kan kowa sai jakin.

A waƙa ta uku ya ɓalle. Ƙararsa ba ta kai ta karyewar kara ba, kuma mikro mai maganaɗisu ba ya jin katako, don haka lasifika ba ta ɗauka sosai ba. Jakin ya yi tsalle da tsirkiya shida a jikinsa, ya tsaga bayan hannun Yaya, ya tsaya yana lilo daga wuyan jitar. Inda ya tashi an ga farin katako ya yage.

Kiɗa bai tsaya ba. Fedar tana maimaita abin da aka ba ta, karce da mai kauri, daidai, ba kuskure. Yaya ya taka don ya tsayar, taku ɗaya mai nauyi, ba ta tsaya ba. Ya sake. Na baya ba su san komai ba, suna ta rawa. Na gaba kuwa ga abin da suka gani: makaɗi zaune, hannu biyu sake, jini yana ɗiga, jita ba tsirkiya, ga kuma jita tana tashi daga lasifika huɗu. Mutanen nan ba su taɓa ganin fedar maimaici ba. Abin da suka sani shi ne memori, wadda ake sa wa waƙa a kasuwa. Wani mai rawani a layin gaba ya faɗa da ƙarfi cewa ashe memori ce, dama tun farko ba shi ke kiɗan ba. Maganar ta bi layi tana tafiya baya.

Na dubi taubashi. Hannunsa yana kan maɓallin ƙara, murɗawa ɗaya ta isa. Bai murɗa ba. Ya ɗauki mikro, yana dariya, ya ce jama'a su gani, ɗan kawunsa ya ƙware har jitarsa tana kiɗa ba hannu, ya ce kada kowa ya zauna, kayan Gazawa ba sa gajiya. Na san a zuciyarsa yana ganin rufa asiri yake yi, domin wasa shi ne abin da ya iya. Amma fili duka ya ɗauka ya tabbatar da maganar mai rawani. Aka fashe da dariya.

Na je na fizge wayar daga bayan ampili, akwatin da ke kai ƙara ga lasifiku. Daga ɓallewar jakin zuwa shirun, a ƙiyasina, minti ɗaya da rabi ne. Na karɓi mikro daga hannun taubashi don in yi bayani, sai na tuna ni da kaina na kashe shi. Na yi bayanin da bakina ga waɗanda ke kusa, cewa na'urar abin da ya kaɗa a gabansu take maimaitawa. Suka ce to, to, irin wadda ake ce wa ɗan'uwan mai laifi. Yaya ya naɗe hannunsa da hularsa, ya ɗauki jitar, jakin yana bugun gwiwarsa, ya bi ta bayan rumfa. Taubashi ya mayar da wayar, ya sa waƙar piyano, taro ya ci gaba.

Bayan rumfar na sami taubashi yana naɗe igiyoyinsa, bayan an tashi. Ban ɗaga murya ba. Na ce masa na gaya maka ranar Lahadi, na gaya maka a waya, ka bar ta a rana sau uku, hannunka yana kan maɓalli ka zaɓi ka ba da dariya. Na ce mutumin nan abu ɗaya yake da shi wanda ba gona ba, ka karɓe shi gaban garuruwa goma. Ya fara cewa bawana, na ce kada ya sake kirana haka. Na ce daga yau in na yi masa magana ya ɗauke ta magana.

Sai a lokacin fuskarsa ta canza, kuma akwai mutane uku tsaye suna ji.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai ga gwaggo, ya kai ga kawunnanmu. Ba labarin jita ba, labarin cewa na yi fushi da taubashi a bainar jama'a na yanke wasa. Aka kira ni ƙauye. Babban kawunmu ya zaunar da ni a zaure ya ce jita katako ce, kafinta yana gyara ta, amma abin da na taɓa kakanni suka ɗaura. Ya ce ko rediyo ce ta koya mini haka. Na ce a ba ni dama in faɗi yadda abin ya faru, daki-daki. Ya ce ba a tambaye ni yadda ya faru ba. Yaya yana zaune gefe, hannunsa a naɗe da tsumma. Da aka gama ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ka je ka ba shi haƙuri. Nawa ya riga ya wuce, kada a ƙara mini da wani."

Na je Gazawa da goro. Na tarar da shi a ƙofar shagonsa yana gyaran lasifika. Na ce na zo ba da haƙuri. Ya karɓi goron, ya rungume ni, ya kira maƙwabtansa su zo su ga bawansa ya dawo gida da kansa. Suka yi dariya, na tsaya har suka gama. Ya tambayi hannun Yaya, kuma da gaske ya tambaya, har ya ce in akwai abin da zai yi a faɗa masa. Na yi masa sallama na tafi. Ba ni da kalmar da zan faɗa masa ta isa kunnensa yadda na faɗe ta.

Kafinta a Tibiri ya mayar da jakin da gam da kusoshi biyu masu noti, ya ce katakon ya yage da yawa, iyakar abin da zai iya ke nan. Jitar tana kaɗuwa, amma cikinta ya mutu, in an buga sai ka ji kamar ƙofar langa-langa. Na yi shiri na minti goma sha biyar a rediyo kan yadda fedar maimaici ke aiki, ban ambaci kowa ba, aka sa shi sau biyu. Ban san ko wani daga Sae Sabuwa ya saurara ba.

Da shekara ta zagayo ƙungiyar manoma ta kira samari masu piyano, kayan sautin kuma na taubashi ne. Yaya ya je taron da dammunan geronsa, ya zauna cikin manoma.